Kujeru Huɗu, Sannan Biyu, Sannan Babu: Tarihin Mazaɓar Tsohon Birnin Landan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai da ke zaune a gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma.

Zancenmu na yau a kan mazaɓa ɗaya ne, wadda ta shafe shekara sama da 600 tana aika wakilai majalisar dokokin Ingila, aka wayi gari a 1950 babu ita. Ita ce mazaɓar Tsohon Birnin Landan. Sai mun fara raba abu biyu, don kada lissafi ya rikice mana. Landan da kuke gani a talabijin, mai mutum kusan miliyan tara, daban. Tsohon birnin ɗan yanki ne a tsakiyarta, faɗinsa bai fi murabba'in mil ɗaya da 'yan kai ba, a gaɓar arewa ta kogin Thames, inda Rumawa suka taɓa kewayewa da ganuwa. A nan Bankin Ingila yake, da cocin St Paul, da zauren birni da ake kira Guildhall. Yana da magajin garinsa da majalisarsa da 'yan sandansa har gobe. Fadar sarki da majalisar dokoki ba a cikinsa suke ba, suna Westminster ne, can yamma da shi. Mulki a Westminster, kuɗi a birni.

Idan ana tarihin mazaɓa, mutane sukan garzaya kan sunayen 'yan majalisa: wane ya hau, wane ya sauka. Za mu zo kansu. Amma wanda yake son ya gane dalilin hawa da saukar, to ya fara duba rajista. Wa aka rubuta, da wane sharaɗi, a ina yake kwana? Duk sauyin da za ku gani a irin mutanen da birnin ya aika majalisa, daga can ya taso.

Tun ƙarshen ƙarni na 13 birnin ke aika wakilai. Ƙa'idar ƙasar ita ce kowane gari mai wakilci kujera biyu, kowace gunduma biyu. Landan huɗu gare ta, kuma ta riƙe huɗun nan ƙarni bayan ƙarni har 1885. A zamanin Oliver Cromwell ma, wanda ya mulki ƙasar bayan an kashe sarki, a majalisar 1654, shida aka ba ta na ɗan lokaci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sarki yakan kira majalisa ne idan yana neman haraji, kuma idan yaƙi ya taso ba a jiran haraji ya taru, bashi ake ci, masu ba da bashin kuwa 'yan kasuwar birni ne. Har gata na musamman aka yi wa wakilan: ranar farko ta sabuwar majalisa suna da damar zama a bencin gaba, inda ministoci ke zama.

To su wa ke zaɓen waɗannan huɗu? Ba mazauna birni ba. 'Yan ƙungiyoyin sana'a ne, su ma ba duka ba. Birnin yana da tsoffin ƙungiyoyi na masu sayar da yadi, da 'yan kifi, da maƙeran zinariya, da teloli, da mahauta, da masu kayan yaji, da sauransu da dama. Matakin farko shi ne mutum ya zama ɗan birni mai cikakken 'yanci, kuma ƙofa uku ce: ko ya gada daga ubansa, ko ya yi zaman koyon sana'a a hannun maigida, galibi shekara bakwai, ko ya saya da kuɗi. Wannan bai ba shi ƙuri'ar majalisa ba tukuna. Sai ƙungiyarsa ta ɗaga shi zuwa sahun manya, ta yi masa rigar ƙungiya, ya biya kuɗin da aka yanka. Masu rigar nan su ne masu ƙuri'a. A tsakiyar ƙarni na 18 sun kai wajen dubu bakwai, farkon ƙarni na 19 sun haura dubu goma. Leburan tashar jirgin ruwa, da bara, da ɗan haya, da mata baki ɗaya, babu ruwansu.

Tsarin yana da ɓaraka tun daga tushe. Tunda ana gadon ƙungiya, sai ka ga lauya a ƙungiyar 'yan kifi, bai taɓa fere kifi ba. Kuma ƙungiya tana iya yi wa mutane riga ana gobe zaɓe don ta ƙara wa ɗan takararta hannu. Shi ya sa dokar zaɓen birnin ta 1725, ta zamanin firaminista Robert Walpole, ta ce sai mutum ya yi wata goma sha biyu da rigarsa kafin ya jefa ƙuri'a, ta kuma taƙaita kwanakin zaɓe zuwa bakwai.

Ga yadda ake yi. Za a tara masu riga a Guildhall. Jami'ai biyu na birni da ake kira sherif su ne masu kula da zaɓe. A karanto sunan ɗan takara, masu so su ɗaga hannu, sherif ya kalli zaure ya ce ga huɗun da suka fi. Wanda bai gamsu ba ya ce a ƙirga. Daga nan a buɗe littafi, kowa ya zo gaban akawu ya faɗi sunansa da ƙungiyarsa, ya ambaci waɗanda yake so da baki, a rubuta. Ko ƙato-bayan-ƙato da muka sani bai kai wannan tonon asiri ba, domin shi layi ne ya watse, wannan kuwa bugawa ake yi a sayar a kasuwa, mai ba ka bashi ya karanta ya ga inda ka jefa. Kowa yana da ƙuri'a har huɗu, amma ba dole ya cike su ba. Mai tsananin son ɗan takara ɗaya yakan ba shi ita kaɗai ya riƙe ukun, don kada ya ɗaga wa abokan hamayyarsa lissafi. Kullum da yamma ana sanar da jimla, saboda haka wanda ya ga an yi masa nisa a rana ta uku ko ta huɗu yakan janye, ya huta da kashe kuɗi.

Duk da wannan ƙunci, a ma'aunin zamanin mazaɓa ce babba. A lokacin akwai kango irin Old Sarum, tudu ne babu gari a kansa, amma yana da kujera biyu, mai filin ke naɗa wanda ya ga dama. Manchester da Birmingham kuwa ko ɗaya ba su da ita. Ƙaramin gari ana saye shi da giya da 'yan kuɗi. Mutum dubu bakwai masu shagunan kansu ba su sayuwa haka, kuma babu wani basarake guda da ke da su a aljihu. Wannan ne ya sa birnin ya yi suna da taurin kai.

A ƙarni na 16 al'adar ita ce biyu daga dattawan majalisar birni, galibi har da babban lauyan birnin, biyu daga sauran 'yan kasuwa. Thomas More, wanda Sarki Henry na Takwas ya sa aka fille wa kai a 1535, ya wakilci Landan a majalisar 1510. Amma inda taurin kan ya fito fili shi ne 1640. Cikin waɗanda birnin ya aika akwai Samuel Vassall, ɗan kasuwar da ya sha ɗauri saboda ƙin biyan harajin da Sarki Charles na Ɗaya ya ɗora ba da yardar majalisa ba, da Isaac Penington, wanda a Disambar shekarar ya kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum wajen dubu 15, suna neman a rushe mulkin bishop-bishop a coci. A ranar 4 ga Janairun 1642 sarki ya shiga zauren majalisa da kansa zai kama wakilai biyar, ya tarar sun sulale. Cikin birni suka ɓuya. Washegari ya je Guildhall ya ce a ba shi su, aka hana. Kafin mako ya zagayo ya bar Landan, yaƙin basasa ya biyo baya. John Venn, ɗaya daga wakilan birnin, yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar kashe sarkin a 1649. Penington kuwa, da sarauta ta dawo, a kurkukun Hasumiyar Landan ya mutu a 1661.

A ƙarni na 18 sunan da ya fi daɗewa shi ne John Barnard, daga 1722 zuwa 1761. Yana cikin waɗanda suka tsaya wa Walpole a wuya a 1733 kan sabon tsarin harajin taba da giya, wanda zai ba jami'an gwamnati damar shiga rumbunan 'yan kasuwa suna bincike, har Walpole ya janye ƙudurin. Bayansa sai William Beckford, daga 1754 zuwa mutuwarsa a 1770, wanda ya yi magajin gari sau biyu, ya kuma taɓa mayar wa Sarki George na Uku magana ido da ido. 'Yan birni suka kafa masa mutum-mutumi a Guildhall, suna kiransa gwarzon 'yanci. Jama'a, dukiyar mutumin nan daga gonakin rake na Jamaika ta fito, da gumin bayi 'yan Afirka sama da dubu. 'Yancin da yake yi wa ihu na mai shago ne a gaban sarki, bai ƙetare teku ba. A 2021 hukumar birnin ta yanke shawarar cire mutum-mutumin, daga baya ta sauya ra'ayi ta bar shi, da bayani a jikinsa.

Sai 1771. A lokacin laifi ne jarida ta buga muhawarar majalisa. Majalisa ta aika ɗan saƙonta cikin birni ya kamo wani mai ɗab'i, alƙalan birni suka saki mai ɗab'in suka tuhumi ɗan saƙon. Majalisa ta fusata ta tura magajin gari Brass Crosby da Richard Oliver, wakilin birnin, zuwa Hasumiya. Da zaman majalisa ya ƙare aka sake su, jama'a suka tarye su da murna, kuma tun daga nan majalisa ba ta sake yunƙurin hana buga muhawararta da gaske ba.

Dokar gyaran zaɓe ta 1832 ta taɓa rajistar birnin ta hanya uku. Ta ƙara duk namijin da ke riƙe da gida ko shago ko ofis mai darajar hayar fam goma a shekara. Ta bar wa masu riga ƙuri'arsu, da sharaɗin mutum yana zaune cikin mil bakwai daga birnin. Ta kuma kawo rajista a rubuce wadda ake sabuntawa duk shekara. Masu zaɓe suka haura dubu 18. Kwanakin zaɓe suka koma biyu, a 1835 suka koma ɗaya. Unguwannin da suka tsiro a kewaye, irin su Finsbury da Marylebone da Tower Hamlets da Lambeth, kowace ta sami kujera biyu, alhali wasunsu sun fi birnin yawan jama'a. Ku riƙe kalmar ofis ɗin nan, domin ita ce za ta raya mazaɓar shekara ɗari, ita ce kuma za ta kashe ta. Kuma wannan tunani na auna ƙuri'a da dukiya shi Turawan suka kawo mana: a zaɓen 1923 na majalisar dokokin mulkin mallaka, Legas kujera uku, Kalaba ɗaya, sai namiji mai samun fam ɗari a shekara ke jefawa, Arewa kuwa ba ta ma cikin lissafin.

Shekara arba'in da suka biyo baya yawancin kujerun birnin na masu sassaucin ra'ayi ne, waɗanda suka zama jam'iyyar Liberal. George Grote, ɗan banki, shi ya zo na ɗaya a 1832, ya yi ta kawo ƙudurin a koma ƙuri'ar asiri ana kayar da shi. A 1837 da ƙuri'a shida ya sha, a 1841 ya haƙura ya koma rubutun tarihi. Abin da ya nema bai tabbata ba sai 1872, shekara guda bayan mutuwarsa. Lord John Russell ya shigo a 1841 da ratar ƙuri'a tara, ya riƙe kujerar shekara ashirin, a kanta ya yi firaminista daga 1846 zuwa 1852.

Yanzu mu zo kan batun da ya fi kowanne a tarihin mazaɓar nan. A 1847 birnin ya zaɓi Lionel de Rothschild, babban ɗan banki, Bayahude. Babu dokar da ta hana Bayahude tsayawa takara. Matsalar tana cikin rantsuwa. Ɗaya daga rantsuwoyin da sabon ɗan majalisa zai yi kafin ya zauna tana ƙarewa da cewa ya rantse bisa imani na gaskiya irin na Kirista. Rothschild ya ce ba zai furta ba. Russell, abokin takararsa kuma firaminista, ya kawo ƙudurin gyara, majalisar wakilai ta amince, majalisar dattawa ta masu sarauta ta yi watsi da shi a 1848. Rothschild ya ajiye kujera a 1849 don ya koma wa masu zaɓe, suka sake zaɓensa. A 1850 ya shiga zaure, ya nemi a ba shi Attaura, ya karanta rantsuwar har ya zo kan waɗannan kalmomi ya tsallake su, aka ce ya fita. Suka sake zaɓensa a 1852, suka sake a 1857, ya sake ajiyewa a shekarar, suka sake dawo da shi. Sau biyar ke nan.

Ku dubi abin da masu zaɓen suka yarda su yi asara. Shekara goma sha ɗaya birnin yana da kujera huɗu amma baki uku ke magana, hannu uku ke jefa ƙuri'a a majalisa. Suna sane suka yi haka. Akwai wata hanyar: David Salomons, da aka zaɓa a Greenwich a 1851, shi kutsawa ya yi ya zauna har ya jefa ƙuri'a, kotu ta ci shi tarar fam 500. Ta Rothschild ta fi jinkiri, amma ta fi wuyar turewa, domin ba mutum ɗaya dattawan ke ja da shi ba, mazaɓa mafi arziki a ƙasar ce. A 1858 majalisar wakilai ta gano cewa babu abin da ya hana a sa wanda bai yi rantsuwa ba cikin kwamiti, sai ta sa shi a kwamitin da zai je ya yi wa dattawan bayanin dalilin saɓa musu. Daga ƙarshe aka yi sulhu: kowace majalisa ta tsara rantsuwarta. Ranar 26 ga Yulin 1858 ya rantse ya zauna. Ta wannan ƙofa, da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, waɗanda ba Kirista ba suka riƙa shiga, har a 1997 Mohammad Sarwar ya zama Musulmi na farko a majalisar wakilan. Abin mamaki, shi Rothschild ɗin bayan duk wannan kai ruwa rana ba a san shi da tashi yin jawabi a zauren ba.

Ana cikin haka birnin yana zubewa ta ƙasa. A ƙidayar 1851 mazaunansa sun kusa dubu 130. Sai jirgin ƙasa ya zo. Aka rushe unguwanni aka gina tashoshi irin Cannon Street da Liverpool Street, aka fasa sababbin tituna, aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1863. Fili ya yi tsadar da gidan kwana ba ya biyan kuɗinsa, sai banki da kamfanin inshora da rumbun kaya. Mai kuɗi ya koma bayan gari yana shigowa da safe, talaka aka tura shi gabas. A 1881 saura wajen dubu 50, a 1901 ba su kai dubu 30 ba. Da rana dubban ɗaruruwa, da dare masu gadi da iyalansu. Maimakon a rage kujeru, sai aka yi wa rajista faci: dokar 1867 ta faɗaɗa da'irar zama daga mil bakwai zuwa mil 25, don birnin kaɗai. Mutum yana kwana a ƙauyen Surrey, yana da ƙuri'a can saboda gidansa, yana da wata a birni saboda ofishinsa.

Dokar 1867 ɗin ta zo da wani abu da ya kamata ɗaliban siyasa su yi wa lissafi da alƙalami. An ce kujera huɗu ce, amma kowa ƙuri'a uku kawai zai jefa, wai don marasa rinjaye su sami ɗaya. Mu ɗauki misali. Masu zaɓe ɗari, sittin na jam'iyya babba, arba'in na ƙarama. Babba tana da ƙuri'a 180. Idan ta tsayar da uku, kowa ya sami 60, kujera uku ta tabbata, ta huɗu ta tafi. Idan ta yi kwaɗayin huɗu, 180 a raba huɗu 45 ke nan, ya ɗara 40 na abokan hamayya da kaɗan, amma fa sai an raba daidai. Dole a kasa magoya baya gida huɗu, a ce wa kowane kashi ga sunan da za ku bari. Iyakar ita ce huɗu bisa bakwai, wato kashi 57 cikin ɗari. Ƙasa da haka, ko an raba daidai ba ta fita. Inda abin ke lalacewa shi ne mutane ba sa son barin sanannen ɗan takara, ko kuma kowa ya ɗauka sanannen ba ya bukatar tasa. 'Yan Liberal na Birmingham, masu kujera uku da ƙuri'a biyu, sun iya wannan rabo unguwa-unguwa suka cinye duka. Na Landan suka gwada huɗu a 1868, rabon bai daidaita ba, Charles Bell na jam'iyyar Conservative, ta masu ra'ayin riƙau, ya shige, wanda ya faɗi kuwa Rothschild ne. Bell ya mutu farkon 1869, Rothschild ya dawo ta zaɓen cike gurbi. A 1874 reshe ya juye da mujiya: Conservative suka tsayar da uku suka ci uku, Rothschild ya fita ke nan, kuma wannan ƙa'ida ta marasa rinjaye ita ta ceci George Goschen, ɗan Liberal ɗaya da ya rage.

Me ya juya birnin? Ana ambaton ƙin manufofin Gladstone, firaminista ɗan Liberal, da batun ba Ireland mulkin kai daga 1886, da sha'awar daula, kuma duk da gaskiyarsu. Amma ku koma rajista. Ƙaramin mai shago da mai sana'ar hannu, masu tsattsauran ra'ayin da, sun tashi. Waɗanda suka rage dillalan hannun jari ne da 'yan banki da lauyoyi. Ba ra'ayin mutane ne kawai ya sauya ba, mutanen ne aka sauya.

A 1885 aka sake rabon mazaɓu, aka koma yawanci kujera ɗaya ga mutum wajen dubu 50. Da wannan ma'auni ɗaya ce rabon birnin. Aka ba shi biyu, don girmamawa. Daga ranar har ƙarshe ɗan Liberal ko na Leba, jam'iyyar ma'aikata, bai sake ci ba, sau da yawa ma babu mai tsayawa takara da su. Kujerar da babu faɗuwa a kanta kuwa, ta jam'iyya ce, ba ta masu zaɓe ba. Hucks Gibbs ya sauka a 1892 ɗansa Alban ya hau. A 1904 Alban ya ajiye kujera saboda kamfaninsu ya sayar wa rundunar ruwa jiragen yaƙi biyu, doka kuwa ta hana ɗan kwangilar gwamnati zama a majalisa. Birni ya mayar da shi ba gardama, ɗan'uwansa Vicary da ya yi haka a St Albans ya sha ƙasa. A Janairun 1906 Arthur Balfour, wanda bai daɗe da sauka daga firaminista ba, ya faɗi a Manchester. Alban Gibbs ya sauka ya ba shi wuri, cikin Fabrairu Balfour ya dawo majalisa. Yana kan kujerar nan har 1922, kuma yana wakilin birnin ne, yana ministan harkokin waje, ya rubuta wasiƙar 2 ga Nuwamban 1917 mai alƙawarin matsuguni ga Yahudawa a Falasɗinu. Wanda aka aika wa wasiƙar, Walter Rothschild, jikan Lionel ne. Abokin zaman Balfour, Frederick Banbury, ya yi suna ne da cika zaure da surutu har lokaci ya ƙure, don ƙudurorin da bai so su mutu. A 1940 ana son Andrew Duncan ya shiga gwamnatin yaƙi, ba shi da kujera, aka nemo masa ta birni. A 1945 shugaban jam'iyyar Conservative, Ralph Assheton, ya faɗi a mazaɓarsa, wakilin birnin George Broadbridge ya koma majalisar dattawa, aka ba Assheton gurbin. Duncan da Assheton su ne wakilai na ƙarshe.

Dokar 1918, wadda ta ba kusan duk namiji baligi ƙuri'a da matan da suka kai shekara 30 suka kuma cika sharaɗin dukiya, ta bar ƙuri'ar wurin kasuwanci mai darajar fam goma, matar mai ofis ma tana samu ta dalilin mijinta. Da wannan rajistar birnin ta riƙa kaiwa wajen dubu 40 tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Sai bama-baman Jamus suka ƙone babban ɓangare na birnin, har rufin Guildhall a daren 29 ga Disamban 1940. Ofishin da ya zama toka ba ya ba da ƙuri'a. Aka kuma soke ta matan masu ofis. A zaɓen 1945 masu rajista ba su kai dubu 11 ba, da wakilai biyu, alhali akwai mazaɓun bayan gari masu sama da dubu ɗari da wakili ɗaya.

Gwamnatin Leba ta Clement Attlee ta kawo dokar 1948: mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, a inda yake kwana. Ta soke ƙuri'ar kasuwanci, da kujerun jami'o'i, da duk mazaɓu masu wakilai biyu. Churchill da mutanensa na Conservative suka ce an karya yarjejeniyar da jam'iyyu suka ƙulla a 1944 ƙarƙashin kakakin majalisa. Amma da zarar an cire ofisoshi, mazauna birnin wajen dubu biyar ne, ko rabin rabin mazaɓa ba su kai ba. Gardamar da ta rage ita ce da wa za a haɗa shi. Da fari an nufi Shoreditch da Finsbury, unguwannin ma'aikata, 'yan birni suka ƙeƙasa ƙasa, aka haɗa shi da Westminster. Sabuwar mazaɓar ta fara aiki a zaɓen Fabrairun 1950, Harold Webbe ya ci, kuma ta zauna a hannun Conservative har 2024, lokacin da Rachel Blake ta Leba ta karɓe ta.

Ga takarda an miƙo daga wajen ɗalibai mata, ana tambaya ko ƙuri'ar kasuwanci ta mutu gaba ɗaya. Malama, a zaɓen majalisar ƙasa ta mutu tun 1948, a zaɓen ƙananan hukumomi kuma aka soke ta a 1969, amma aka tsame tsohon birnin. Har yau a zaɓen unguwanninsa 25 kamfanoni suna da murya. Dokar 2002 ma faɗaɗa abin ta yi: kamfani yana naɗa masu jefa ƙuri'a daga cikin ma'aikatansa gwargwadon yawansu, kuma waɗannan sun fi mazauna yawa a rajistar. Magajin gari kuwa, har yanzu masu rigar ƙungiyoyi ne ke taruwa a Guildhall duk ƙarshen Satumba, su ɗaga hannu su fitar da sunaye biyu, dattawan majalisar birni su zaɓi ɗaya.

Shugaba ya nuna mini agogo. Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.